Mu Karanta Kafin Mu Ci

Yawancinmu a nan Dagumawa, in mun je kanti ko kasuwar Wudil ran Juma'a, kuɗin kaya kawai muke tambaya. Ba mu cika juya gwangwanin madara ko ledar taliya mu ga abin da aka rubuta a baya ba. Alhali kuwa rubutun nan domin lafiyarmu aka yi shi. Ga abubuwa huɗu da ya kamata mu duba.

Na farko, lambar NAFDAC. Gwamnati ta kafa wannan hukuma a 1993 domin ta sa ido kan abinci da magunguna. Kayan da ba su da lambarta, mu bar su a kanti.

Na biyu, ranar lalacewa, wadda ke bin kalmomin "Best Before" ko "Exp". Gwangwanin da ya kumbura kuwa, ko ranarsa ba ta wuce ba, kada a ci.

Na uku, jerin kayan haɗi. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In sukari ne a kan gaba, to, mun san abin da muke saye.

Na huɗu, awo. Yawanci ana ba da lissafi bisa giram 100 ko mililita 100. Misali, in lemon kwalba yana da sukari giram 10 a mililita 100, kwalba mai mililita 350 tana ɗauke da giram 35, wato kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, gishiri kuma ƙasa da giram 5. Inda aka rubuta "sodium", mu ninka shi sau biyu da rabi, sai mu sami yawan gishirin. Yawan gishiri yana jawo hawan jini.

Akwai kuma abin da muke so mu gani. Gishiri mai aidin yana hana maƙoƙo. Alamar ido a ledar sukari, fulawa ko man girki tana nuna an ƙara bitamin A, mai maganin dundumi.

Ɗalibai, in mun koma gida hutu, akwai iyaye da kakanni da ba su karanta Turanci. Mu ɗauko kayan da ke ɗakin girki, mu karanta musu, mu yi lissafin tare da su. Rigakafi dai ya fi magani.