FARCEN KANTI: WANNE ZA A ZAƁA, WANNE ZA A BARI?

'Yan uwa magidanta, iyaye mata da amare, darasinmu na yau a kan farcen kanti ne, wanda ake liƙawa lokacin biki ko sallah. Kafin a biya kuɗin kwalliya, a san abin da za a saya.

*Ire-irensa uku ne*

1. Na liƙawa: farcen roba ne da aka riga aka ƙera, a manna shi da gam ko da 'yar takarda mai danƙo. Shi ya fi araha, ya fi sauƙin cirewa.

2. Na jel: ana shafa shi kamar jan farce, a sa hannu cikin wata na'ura mai haske ya daskare. Yakan yi sati 2 zuwa 3.

3. Na akirilik: gari ne da ruwan sinadari ake kwaɓawa a gina a kan farce, bayan an kankare bayan farcen. Shi ya fi ƙarfi, kuma ba ya fita sai an jiƙa shi cikin sinadarin asiton.

*Ta fuskar ibada*

Duk ukun suna hana ruwa taɓa farce, shi kuwa farce yana cikin hannun da aka wajabta wankewa. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa wani mutum ya yi alwala ya bar wuri kamar girman farce a ƙafarsa, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya koma ya kyautata alwalarsa. To wuri ɗaya ke nan, ina ga yatsu goma? Alwala ba ta yi ba, wankan janaba bai yi ba, sallar da aka yi da su kuma sai an rama ta.

Sannan yanke farce yana cikin abubuwan fiɗira, kuma a hadisin Anas (RA) an iyakance kada a bar shi ya wuce kwana 40. Saboda haka wasu malamai suka ƙi farcen kanti gaba ɗaya. Wasu kuma suka yi sauƙi ga mai haila ko jinin biƙi ta yi wa mijinta ado, da sharaɗin ta cire shi tas, har da ragowar gam, kafin wankan tsarki.

*Ta fuskar lafiya*

Idan farcen ya ɗan ɗago, ruwa yakan shiga tsakani ya kwanta. Nan ƙwayoyin cuta ke samun masauki, sai ki ga farcenki ya koma kore, ko gefen yatsa ya kumbura ya tara ruwa. Kankarewa da asiton suna sa farce ya yi siriri yana tsagewa. Farcen hannu kuwa kamar milimita 3 yake tsirowa a wata, wanda ya lalace sai ya kai wajen wata 6 kafin sabo ya maye gurbinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na tsabtace hannu na 2009, ta hana ma'aikatan da ke taɓa marasa lafiya sa irin wannan farce. Uwargida, hannun da ke dama fura, yake yi wa jariri tsarki, yake ba shi abinci a baki, ai shi ma ya cancanci wannan kiyayewa. Mai ciwon sukari kuwa ta nisance shi, don ƙaramin rauni a wurinta ba ya saurin warkewa.

*To wanne za a zaɓa?*

Jel da akirilik sun fi kwanakin haila daɗewa, don haka ba su dace da mai sallah ba. In ya zama dole, a ɗauki na liƙawa mai takarda, gajere, a kwanakin da ba a sallah. Kada a fizge shi da ƙarfi, a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu har ya saki. A ɓoye kwalbar gam, don tana kama da ta maganin ido, yara kuma ba su san bambanci ba.

Mafi alheri dai shi ne lallenmu na gargajiya. Launi kawai yake bari, ruwa na ratsawa, alwala ta inganta. Amma a kula da baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi, sinadarin PPD da ke ciki yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje kamar ƙuna.

Wadda farcenta ya riga ya yi rauni, ta yanke shi gajere, ta riƙa shafa man zaitun ko man kaɗe kowane dare. Idan akwai mugunya, zafi mai bugawa ko zazzaɓi, a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Maigida, kai ke ba da kuɗin kwalliya, kai kuma za a tambaya a kan iyalinka. Ka yi bayani da taushin harshe, ka sayo lalle mai kyau.

Wallahu a'alam. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya karɓi ibadunmu. A tura wa 'yan uwa.