Kafin ki leƙa ɗakin bautar Hindu a Delhi

Kin taso daga Faskari kin kawo Inna asibiti a Delhi. Jiki ya yi sauƙi, sai tafinta ta ce gobe za ta kai ki Akshardham ki sha iska. Kin saba ganin irin wuraren a fim, da ƙararrawa da furanni, amma gani ya kori ji. Ga shirin da za ki yi.

1. Duba ranar. Litinin a rufe wurin yake. Jirgin ƙasan cikin gari yana da tasha mai sunan Akshardham, kusa da kogin Yamuna. A 2005 aka buɗe ginin, kuma shiga kyauta ne. Wasan ruwa na yamma kuwa sai an yanki tikiti.

2. Ba a shiga da waya ko kyamara ko babbar jaka, a ma'ajiyar bakin ƙofa ake barinsu. Rubuta lambar tafinta a takarda ki ƙulle a bakin mayafi, don in kun rabu a cunkoso ba wayar kira.

3. Atamfarki da mayafi sun wadatar. Takalmi kuwa cire shi za ki yi, kuma da rana dutsen yana ƙuna, saboda haka ki yi sammako.

4. Nan ne ya kamata ki nutsu. Masu ibada sun zo ne su haɗa ido da gunkin, abin da suke kira darshan. Lokacin arti za a kaɗa ƙararrawa, a juya fitila a gabansa, sannan a zaga da ita mutane su ɗora tafin hannu sama da wutar su shafa kai. Mai hidima zai iya miƙo miki prasad, wato abin zaƙin da aka fara miƙa wa gunkin, ko ya nemi ɗiga miki jan gari a goshi. Duk waɗannan ibada ce, ke kuwa kallo ya kawo ki. Matsa gefe tun kafin layi ya iso kanki. In an miƙo, dafa ƙirji, yi murmushi, ki ce "nahi, shukriya". (Indiyancin da kika tsinta a fim ya yi rana.) Ban da dariya, ban da nuni da yatsa.

5. Kada ki ɗauka ko'ina haka ake shiga. Ɗakin Jagannath da ke Puri ba ya karɓar wanda ba Hindu ba. A Tirupati kuma, inda masu ziyara ke aske gashinsu don cika alwashi, ana sa wanda ba Hindu ba ya sa hannu a takardar da ke cewa ya yi imani da abin bautar wurin. Wannan kam ki bar musu abinsu.

6. Lissafa lokacin salla tun daga masauki. Ki fito kafin azahar, ki wuce tsohon birni ki yi ta a Jama Masjid, masallacin da Sarki Shah Jahan ya gina. Masu biriyani da gasasshen nama suna nan jere a bakin ƙofarsa, sai ki yi wa Inna tsaraba in likita ya yarda.