Darasin Lafiya: Awon Nauyi da Tsawo ga Mai Neman Aikin Ɗan Sanda

Duk lokacin da aka yi shelar ɗaukar kuratan 'yan sanda, samari da 'yan mata daga ƙauyuka sukan yi ɗango zuwa babban birnin jiha. Wani sai an sayar da akuya kafin ya sami kuɗin mota. Ya kwana a tasha, ya yini a rana cikin layi. Da an zo kansa aka tsayar da shi jikin ma'auni, sai a ce ya koma gida. Takardunsa lafiya lau, jikinsa ne bai kai awo ba. Da ya san yadda ake awon tun a gida, da bai yi asarar akuyarsa ba.

A sanarwar da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta Nijeriya ta fitar a shekarar 2023, an ce mai nema ya kasance tsakanin shekara 18 da 25. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, wato wajen ƙafa 5 da inci 6. Tsawon mace kada ya gaza mita 1.64. Namiji kuma ana auna ƙirjinsa bayan ya ja numfashi ya cika shi, kada ya gaza santimita 86, wato inci 34. Ba a ɗaukar mace mai juna biyu. Ana duba ido, da hannu, da ƙafa. Mai gwame, da mai ƙafafu lanƙwasassu kamar baka, da mai in'ina ƙwarai, duk suna cikin waɗanda sanarwar ta cire. Wanda ya tsallake waɗannan, akwai jarrabawa da gwajin likita a gabansa. Neman aikin kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya ƙara wa yaro tsawo a takarda, ɗan damfara ne.

Akwai wani awo kuma da likitoci suke amfani da shi a ko'ina cikin duniya idan suna duba lafiyar mai neman aikin ɗamara. Shi ne awon nauyi da tsawo, wanda suke kira BMI a taƙaice. Amfaninsa shi ne a gane ko nauyin mutum ya dace da tsawonsa. Kilo 80 a jikin dogon mutum ba komai ba ne, amma a jikin gajere kaya ne. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da wannan lissafi a shekarun 1830. Sunan da ake kiransa da shi yanzu ya bazu ne daga 1972, ta hannun wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys.

A wasu ƙasashe an sa wannan awo cikin sharuɗɗan ɗaukar 'yan sanda. A Afirka ta Kudu sanarwar ɗaukar kurata takan ce awon mai nema ya kasance ƙasa da 30, a kuma auna ƙugunsa. A Ingila rundunoni da yawa sun yi aiki da ƙa'idar 18 zuwa 30. Dalilin a fili yake. Kurtu zai yi watanni yana fareti da gudu a rana. Bayan ya fito zai yi tsayuwar sa'o'i a bakin aiki, wata rana ya bi ɓarawo da gudu. Mai ƙiba da yawa ya fi kusa da hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon gwiwa. Ramamme kuma yakan gaji da wuri, sau da yawa ma ramar tasa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye.

Yadda ake lissafin

Abu biyu ake bukata: nauyin mutum a kilo, da tsawonsa a mita. Akwai sikeli a asibiti da ɗakin shan magani, kuma ma'aikacin lafiya ba ya ƙin auna mutum idan ya roƙa. A cire takalmi da babbar riga, a fitar da abin da ke aljihu. Tsawo kuwa ana iya aunawa a gida. Mutum ya tsaya ba takalmi ba hula, dunduniyarsa da ƙeyarsa su taɓa bango. Wani ya ɗora littafi a kansa a miƙe, ya ja layi da gawayi a ƙasan littafin. Sai a ari tef ɗin tela a auna daga ƙasa zuwa layin. Santimita 170 ita ce mita 1.70.

Mataki na farko, a ninka tsawon da kansa. Mataki na biyu, a raba nauyin da abin da aka samu. Shi ke nan.

Misali, wani saurayi tsawonsa mita 1.70, nauyinsa kilo 60. Sai a ce 1.70 sau 1.70, ya ba da 2.89. Sai a raba 60 da 2.89, ya ba da 20.8. Awonsa ke nan. Wanda rabawar ta yi wa wuya saboda ɗigon da ke ciki, akwai na'urar lissafi a cikin kowace wayar hannu, ko malamin aji ya taimaka masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa sakamakon manya kamar haka. Ƙasa da 18.5, mutum ya rame. Daga 18.5 zuwa 24.9, daidai ne. Daga 25 zuwa 29.9, nauyi ya fara yawa. Daga 30 zuwa sama, ƙiba ce mai iya jawo cuta. Saboda haka saurayin nan mai 20.8 ba shi da abin damuwa. Da nauyinsa kilo 50 ne, daidai da buhun siminti guda, da awonsa ya zama 17.3, ya faɗa cikin ramammu. Da kuma kilo 87 ne, da ya haye 30.

Ga namiji mai tsawon mita 1.67 cif, nauyin da ya dace da shi daga kilo 52 ne zuwa 69. Ga mace mai mita 1.64, daga kilo 50 zuwa 67. Wannan lissafi na manya ne. Yara ƙanana suna da nasu katin awo dabam a asibiti, mai ciki ma ba a yi mata hukunci da shi.

Awon yana da nakasunsa. Sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan kokawa, ko ɗan dako mai ɗaukar buhuna a kasuwa, yana iya kai 27 ko 28 alhali babu kitse a jikinsa, tsoka ce zalla. Wani kuma awonsa 24, amma ga tumbi a gaba, hannu da ƙafa sirara. A wajen likita na biyun ya fi zama abin dubawa. Shi ya sa likita mai lura yakan ƙara da awon ƙugu. Idan ƙugun namiji ya wuce santimita 102, ko na mace ya wuce 88, kitsen ciki ya yi yawa.

A karkara rama ce ta fi damun samari, ƙiba kaɗan ce. Ga aikin gona mai ƙarfi, ga abinci yakan ja baya a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya shigo. Ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Wanda ya ga awonsa ya gaza 18.5 ya fara zuwa asibiti tukuna. Idan akwai tari da ya wuce mako biyu, da gumin dare, da rama, a nemi gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware don haka. Idan babu cuta, sai a gyara ci. Abin da ake bukata yana nan a gida: wake, gyaɗa, ƙuliƙuli, awara, fura da nono, ƙwai, kifi, zogale. A ci sau uku, a ƙara da ɗan abin taɓawa a tsakani. Jiki ba ya cika a mako guda, don haka a fara tun da sauran watanni.

A yi hattara da ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a kasuwa, irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Suna kumbura fuska, su tara ruwa a jiki, su hau da jini da sukari. Mai shan su yana iya cika sikeli, ya je ya faɗi a awon jini. Haka nan mai ƙiba da ya sha maganin zawo ko ya ƙi shan ruwa don ya yi sauƙi ranar awo, ruwan jikinsa kawai ya zubar, yana iya yanke jiki ya faɗi a filin gudu. Hanyarsa ita ce rage sukari da lemon kwalba da soye-soye, da tafiyar ƙasa mai sauri kullum. Rabin kilo zuwa kilo guda a mako ya isa.

Tsawo kuwa ba shi da magani bayan an gama girma. A yarinta ake samunsa ko a rasa shi, musamman daga ciki zuwa shekara biyu. Yaron da ya sha nonon uwa sosai, aka yi masa rigakafi, aka sa masa gyaɗa da wake a kokonsa, ya fi samun cika tsawon da Allah Ya nufe shi da shi.

Aikin aji

A lissafa waɗannan a littafi, a kai wa malami ya duba. Na ɗaya, wata yarinya tsawonta mita 1.65, nauyinta kilo 55, nawa ne awonta? Na biyu, wani saurayi tsawonsa mita 1.80, nauyinsa kilo 58, a wane kashi ya faɗa? Na uku, kowane ɗalibi ya auna tsawonsa a bango, ya rubuta shi a santimita, sannan ya mayar da shi mita.