Rawar Jiki Ba Shaidar Ƙarya Ba Ce

'Yan uwa 'yan kasuwa da iyaye, sau da yawa kuɗi kan ɓace a shago ko a gida, a titsiye yaro da tambaya, muryarsa ta hau rawa, gumi ya keto masa, nan take a ce shi ne ɓarawon. Kafin ku yanke irin wannan hukunci, ya dace ku san abin da tsoro ke yi wa jikin ɗan Adam.

Akwai abin da ake kira na'urar gano ƙarya, wadda wani ɗan sanda a Amurka, John Larson, ya haɗa a shekarar 1921. A yau ana ɗaura wa mutum igiya a ƙirji da ciki domin bin numfashinsa, a ɗaura abin awon jini a dantse, a maƙala wayoyi a yatsu domin auna gumi, sannan a yi masa tambayoyi. Ita na'urar ba ta ganin ƙarya. Sauyin da jiki ya yi kawai take rubutawa.

Babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, zuciyarsa ta buga sau 60 zuwa 100. Da zarar ya firgita, jiki zai saki sinadarin adrenalin: zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. In numfashi ya yi sauri ƙwarai, sai jiri ya zo, yatsu su yi tsami. Mai gaskiya da ke tsoron kunya ko duka yana iya nuna duk waɗannan alamu, shi kuwa gogaggen maƙaryaci ya zauna a natse. Saboda irin wannan rauni, a 1988 Amurka ta kafa dokar da ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikatansu da na'urar.

To, abin da na'ura ta kasa tabbatarwa, ido ma ba zai tabbatar ba. Ku nemi hujja: ku duba lissafi, ku tambayi yaro a keɓe, ba da tsawa ba.

Haka kuma a asibiti, fargaba kan ɗaga awon jini. Kafin a auna ku, ku zauna ku huta minti 5, kada ku ci goro ko ku sha taba ko kofi minti 30 kafin awo. Ku ja iska ta hanci a hankali, ku fitar da ita ta baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo.

Amma in bugun zuciya ya zo da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, kada ku ce tsoro ne. Ku garzaya asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka kuke.