Ebola ba ta iso garinmu ba, amma mun yi jana'iza

Da safiyar Juma'a, 8 ga Agusta 2014, ina bakin aiki a sashen gaggawa aka shigo da wata dattijuwa ranga-ranga, 'ya'yanta sun ɗauko ta a tabarma. Na san ta. Wurinmu take karɓar maganin hawan jini, ga ƙodarta dama ba ƙwari gare ta ba. Baki ya karkace, hannun dama ya saki, leɓɓa sun bushe sun tsattsage, wuyanta kuwa fari fat da busasshen gishiri. Jininta ya haura 220. Na tambayi babban ɗanta ko ta daina shan magani, ya ce a'a, ya sunkuyar da kai. Sai ƙanwarsa ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, gaya wa Likita gaskiya mana."

Ashe cikin dare wani ya kira shi, ya ce kafin asuba kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, wai shi ne rigakafin Ebola. Ya tashi gidan kaf. Yara suka kurɓa suka tofar. Hajiya kuwa, da yake ba ta musu da ɗanta, ta runtse ido ta shanye kofin silba cike, ya sake dama mata wani, wai ita ce mai rauni. Da amai da ciwon kai suka taso, maimakon asibiti sai aka kira mai kemis na unguwa. Ko awo bai yi ba, ya ɗaura mata ledar ruwan gishiri ta jijiya, ya bi ta da allurar diclofenac. Mace mai ciwon ƙoda! Har yau idan na tuna wannan mutumin raina ɓaci yake.

Sodiyam ɗinta ya wuce 165. Mun yi ta saukar da shi a hankali, amma jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa ya riga ya yi ɓarnarsa. Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Ɗan ya riƙe mini hannu yana cewa, "Likita, wallahi tsoron kada in rasa Inna ne ya sa." Na yarda da shi. Gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago.

Gishiri ba ya kashe ƙwayar Ebola. Namijin goro ba ya kashe ta. Wanda ya turo maka saƙo ba shi zai zauna maka zaman makoki ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cutar ko ƙafa ba ta sako Arewa ba. A Legas da Fatakwal ta tsaya: mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da ita. Aiki ne ya tare ta. Dokta Stella Adadevoh ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wanda ya shigo da ita daga Laberiya, duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Ma'aikata suka bi sawun mutum kusan 900, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. A Gini da Laberiya da Saliyo, inda aka makara, rayuka sama da 11,000 suka salwanta.

Ebola ba a iska take yawo ba. Jini, amai, gudawa da gumin wanda ciwon ya bayyana a jikinsa, a cikinsu take. Tana farawa kamar maleriya ko taifot, shi ya sa masu kemis ke ba ni tsoro: allura ɗaya da hannu tsirara ta isa. Masu jiran sai sun ga jini na fita ta ido da hanci su sani, da yawa ba sa zubar da jinin ma. Amai da gudawa ne ke tsotse su har ƙoda ta tsaya. Wanda ya warke ma bai gama ba, ga ciwon gaɓoɓi, ga matsalar ido, kuma ƙwayar kan ɓuya a maniyyi wata da watanni.

Akwai allurar rigakafi ta Ervebo tun 2019, amma nau'in Zaire kawai take tarewa. Wanda ya ɓulla a Yuganda a 2022 nau'in Sudan ne, ba ta aiki a kansa. Kada wani ya sayar muku da "rigakafin Ebola" a kwalba ko a ƙulli. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda, ko ana annoba ko ba a yi, su nisanci gishiri, su nisanci diclofenac. Masu kemis, ku daina ɗaura wa mutane ruwa a ɗaka.

Sai wankan gawa, wanda na san faɗinsa da nauyi. Gawar mai Ebola ta fi mai rai haɗari, kuma a Gini da Saliyo jana'iza ɗaya ta sha kwantar da dangi guda. Idan mutum ya dawo daga inda ake annobar, zazzaɓi ya kama shi ya rasu, kada kowa ya taɓa shi. A kira hukumar NCDC a 6232, masu kayan kariya su shirya shi, a tsaya daga nesa a yi masa salla.