Kaka da Jika: Darasi a kan Hakkin Yaro ga Kakanninsa

Darasinmu na wannan wata a kan kakanni ne da jikokinsu. Za mu duba abin da al'ada ta ba kaka, da abin da shari'a ta ba ta, kana mu ga abin da ya wajaba a kanmu. Mun ɗauki ƙasar Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, ta zama misalinmu, gama a can wannan magana ta yi nauyi ƙwarai.

1. Dalilin wannan darasi

Gobirawa dangi ɗaya ne da iyaka ta raba. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, waɗansu kuma daga baya suka kafa Sabon Birni. Har yau akwai auratayya tsakaninsu. Yaro yakan tashi a Nijeriya, kakarsa tana Nijar.

A shekarun nan ɓarayin daji sun watsa ƙauyuka da yawa a wannan ƙasa. A watan Satumba na 2019, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce mutum fiye da 40,000 sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, yawancinsu mata da yara. A watan Mayu na 2020 aka kashe mutum fiye da 60 cikin ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. Sa'anda aka kashe uba, uwa kuma ta sake aure ko ta tafi neman abinci, wa ke ɗaukar yaran? Sau da yawa tsohuwa ce, wadda ita kanta tana bukatar mai ɗaukarta.

2. Abin da al'ada ta ba kaka

Bahaushe bai taɓa ɗaukar kaka baƙuwa ba. Mace takan koma gidan iyayenta domin haihuwar fari, uwarta ce ke tsaya mata a wankan jego. Iyaye suna jin kunyar ɗan fari, ba su kiran sunansa, amma kaka takan rungume shi a gaban kowa. In lokacin yaye ya yi, gidan kaka akan kai yaro ya manta da nono. Tsohuwa takan kira jikanta namiji mijinta, ta kira ta macen kishiyarta, su yi ta wasa. Cikin wannan wasa yaro yakan faɗi abin da ba ya iya faɗa wa ubansa. Daga bakinta yake jin tatsuniya, da sunayen dangi, da labarin inda aka fito.

Amma al'ada tana da wani gefe. Ta ce 'ya'ya na gidan uba ne. In aure ya mutu, ko uba ya rasu, dangin uba sukan karɓe yaran da aka yaye, kakannin wajen uwa kuwa sai su zama masu roƙon gani. Kadan rabuwar ta zo da faɗa, akan rufe musu ƙofa ɗungum. Yaro ya rasa uba ko uwa, ga shi an hana shi rabin danginsa.

3. Abin da shari'ar Musulunci ta ce

Ya kamata mu san wannan shari'a, gama da ita alƙalai ke hukunci tsakanin Musulmi a Isa da Sabon Birni, da yawa cikinmu kuma muna da iyaye ko surukai Musulmi. Alƙalan ƙasarmu mazhabar Malikiyya suke bi, suna dogara ga littattafai kamar Risala da Muhtasar.

Bisa ga wannan mazhaba, hakkin renon yaro, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne da fari: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Kadan uwa ta rasu, ko ta auri wani bare ta tare, renon yakan koma ga uwarta, watau kakar yaro ta wajen uwa. Bayanta sai 'yar'uwar uwa, kana a zo ga kakar wajen uba. Ku lura da kyau: kakar da al'ada ke turewa gefe, ita ce shari'a ta sa gaba da uban kansa. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna nan a wuyan uba ko ina yaron yake, yana kuma da ikon ganin ɗansa da kula da karatunsa.

Akwai wani wuri mai wuya a maganar gādo. A ce dattijo yana da 'ya'ya maza uku, aka kashe ɗaya ya bar yara. Ran da dattijon ya rasu, 'ya'yansa biyu masu rai su ke gādo, jikokin nan ba su da rabo, domin baffanninsu sun tare su. Ƙasar Masar ta ga wannan wahala, a 1946 ta yi doka ta tilasta a fitar wa irin waɗannan jikoki wasiyya. A ƙasarmu maganin yana hannun dattijon tun yana da rai: ya ba su gona kyauta ya damƙa musu ita a gaban shaidu, ko ya yi musu wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba.

4. Abin da dokar gwamnati ta ce

Waɗanda suka yi auren rajista, maganar rabuwarsu Babbar Kotu ke jinta, bisa ga dokar al'amuran aure ta 1970. Dokar ta umarci alƙali ya sa amfanin yaro gaba da kome. Ta kuma ba shi iko ya damƙa yaro ga wani wanda ba uba ba, ba uwa ba, in ya ga haka ya fi. Ta wannan ƙofa kaka za ta iya samun riƙon jikanta.

A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a kan hakkin yara, wadda ta ambaci matsayin dangi a wajen renon yaro, Nijeriya kuwa ta amince da ita a 1991. A 2003 aka yi dokar hakkin yara ta tarayya, a 2021 kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Sakkwato.

A waɗansu ƙasashe an rubuta maganar ziyara filla-filla. Dokar Faransa ta ce yaro yana da hakkin yin hulɗa da kakanninsa, ba a hana shi sai in hulɗar za ta cuce shi. A Ingila, bisa ga dokar yara ta 1989, kakan da aka hana shi ganin jika yakan nemi iznin kotu tukuna kafin ya kai ƙara. Abin koyo a nan shi ne, masu doka sun ɗauki ziyarar nan hakkin yaro ce. Ba ladan da ake ba tsofaffi in sun yi ladabi ba ce, ba kuwa sandar da manya za su doki juna da ita ba.

5. Abin da muke gani cikin Littafi Mai Tsarki

Yusufu ya kai 'ya'yansa biyu, Manassa da Ifraimu, wurin Yakubu sa'anda ya ji tsohon ba shi da lafiya, ya kuwa sa musu albarka (Farawa 48). Na'omi ta yi hijira saboda yunwa, ta binne miji da 'ya'ya biyu a baƙuwar ƙasa, amma a ƙarshe ita ce ta yi renon Obida, kakan sarki Dawuda (Rut 4). Uban Timoti Baheleni ne, duk da haka Bulus ya tuna da bangaskiyar kakarsa Loyis (2 Timoti 1). Cikin wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, an ɗora wa 'ya'ya da jikoki nauyin kula da gwauruwar gidansu. Ashe hakkin yana tafiya gaba da baya.

6. Abin da ya wajaba a kanmu

Na ɗaya, kada fushin manya ya rufe wa yaro hanya. In aure ya mutu, dattawan ɓangare biyu su zauna su tsai da lokutan ziyara, a faɗa a gaban shaidu. Inda hanya ba ta da lafiya, kada a tura yaro cikin hatsari. A sa shi ya gaisa da kakarsa ta waya, a aika da gaisuwa ta hannun masu zuwa kasuwa.

Na biyu, bambancin addini ba dalilin yanke zumunci ba ne. Mai bi wanda iyayensa Musulmi ne, sai ya kai musu jikokinsu su gaishe su cikin ladabi. Su ma kakanni su girmama abin da iyaye suka zaɓa wa 'ya'yansu.

Na uku, a yi shiri tun ana lafiya. A karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a koya masa cikakken sunan ubansa da uwarsa da kakanninsa da garuruwansu. Yaron da ya ɓace a gudu, da waɗannan sunaye ake mai da shi ga danginsa. Mai gona ya rubuta wasiyyarsa a gaban shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, ya ambaci marayun jikokinsa da suna.

Na huɗu, kada a bar wa tsohuwa kaya ita kaɗai. Wanda ya kai mata yaro ya bi shi da hatsi da sabulu da kuɗin makaranta. Inda iyaye sun rasu, dattawan ekklesiya da zumuntar mata su san kowace kaka mai riƙon marayu, su taimake ta da noma, su duba ko yaran suna makaranta, ko an yi musu allurar rigakafi.

Na biyar, amfanin yaro shi ne ma'auni. Kadan kaka ta tsufa har ba ta iya riƙo, ko tana tura yaro bara, ko tana shirin aurar da yarinya ƙarama, sai dangi su mai da riƙon ga wani, amma kada su hana ziyara.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bisa ga Malikiyya, wa ke karɓar renon yaro in uwarsa ta rasu? Ina bambancin wannan da al'ada?

2. Me dattijo zai yi domin kada marayun jikokinsa su rasa gona?

3. Kakanni nawa ne ke riƙon jikoki a ekklesiyarku? Wa ya ziyarce su a wannan wata?

4. Akwai yaro a gidanka wanda ya daɗe bai ga kakanninsa ba? Mene ne dalili, yaushe kuma za ka kai shi?