Mariƙin Keke Na Itace Ko Na Kok: Yadda Ake Zaɓensa Da Gyara Shi

Keke shi ne dokin ƙarfen mutanen karkara. Da shi ake kai buhun gero kasuwa, da shi ake ɗebo ruwa, da shi ake kai marar lafiya asibiti. Ko Raleigh ne na Ingila, ko Phoenix na ƙasar Sin, ko Hero na Indiya, mai keke yakan kula da taya da cen da birki. Amma sau da yawa yakan manta da wurin da hannunsa yake riƙewa a kan keken. Wannan wuri shi ne mariƙi.

Yawancin kekuna suna zuwa da mariƙin roba. Idan rana ta daɗe tana dukan roba, sai ta tsage ko ta yi danƙo, daga nan ta fara juyawa. Mariƙin da yake juyawa haɗari ne babba. Mutum yana iya ɗauko kaya ya shigo gangara, ya ja kan keke da ƙarfi, mariƙin ya zare ya bar shi da roba a hannu. Wanda kuma ya cire robar ya bar ƙarfe tsirara bai tsira ba. Ƙarfe yana zafi da rana, yana santsi idan gumi ya taɓa shi. Bakin bututun da aka bari a buɗe kuwa yana iya soke mutum a ciki idan ya faɗi a kansa.

Darasin wannan wata ya duba abubuwa biyu da suke iya maye gurbin roba, wato kok da itace.

Mene Ne Kok?

Kok shi ne abin nan mai taushi, marar nauyi, wanda ake toshe bakin fulas ɗin ruwan zafi da shi. Ɓawon wani itace ne da yake fitowa a Fotugal da Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Ƙasar Fotugal ita kaɗai tana samar da kusan rabin kok ɗin duniya. Ba a sare itacen. Ɓawon kawai ake ɓarewa, itacen ya sake yin wani. Sai itace ya kai shekara 25 ake fara ɓarewa, daga nan kuma sai bayan kowace shekara 9.

A shekarar 1665 wani masani a Ingila mai suna Robert Hooke ya duba kok da madubin ƙara girman abu. Ya ga cike yake da ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma. Iska ce a cikin ɗakunan nan. Shi ya sa kok ba shi da nauyi, ba ya ɗaukar zafi, kuma yana rage jijjigar hanya a hannu. Tun a shekarun 1890 masu ƙera keke a Turai da Amurka suke sa mariƙin kok.

Itacen kok ba ya fitowa a ƙasar Hausa, daga waje ake kawo mariƙinsa. Wanda ya samu a shagon kayan keke, ya duba abu uku. Na ɗaya, kada ya sayi mai tsaga. Na biyu, ya murza shi da yatsa, idan yana zubar da gari ya bar shi. Na uku, ya tabbata ƙarshensa a rufe yake. Kok yana da daɗin riƙo, amma ba shi da juriya kamar itace. Idan keke yana yawan faɗuwa, kok yakan guntule.

Zaɓen Itace

Itace kuwa yana nan a ko'ina, kuma masassaƙin da ya iya ƙotar fartanya zai iya mariƙin keke. Ana son itace mai ƙwari wanda ba ya saurin tsagewa. Marke yana da kyau, da shi ake yin ƙota. Aduwa ma tana da kyau, da ita ake sassaƙa allo, kuma tana yin sumul. Maɗaci da kanya da darbejiya duk suna yi. Ƙirya tana da ƙarko ƙwarai, sai dai hujinta yana da wuya saboda taurinta. Rimi da kuka ba su dace ba, domin naman itacensu ba shi da ƙarfi.

Ba sai an sare bishiya ba. Reshen da ya faɗi ya bushe, ko guntun katako daga wurin kafinta, ya isa.

Babban sharaɗi shi ne itacen ya bushe sarai. Ɗanyen itace yana tsukewa idan yana bushewa. Ƙarfen da yake cikinsa kuwa ba ya tsukewa, saboda haka sai itacen ya fashe. Busasshen itace ba shi da nauyi sosai, kuma idan aka ƙwanƙwasa shi yana ba da ƙara mai kyau. A guji wanda ƙwaro ya huda, da wurin da reshe ya fito, domin nan ne yake fara tsagewa.

Awo

Kaurin ƙarfen kan keke a wurin riƙo milimita 22 ne da ɗan ɗoriya a yawancin kekuna. Tsawon mariƙi kuwa yakan kai santimita 12 zuwa 13. Wanda ba shi da abin awo ya kai wa kafinta keken gaba ɗaya, tare da tsohuwar robar.

Kaurin mariƙin daga waje shi ma abin lura ne. Idan ya yi siriri, itacen zai fashe. Idan ya yi kauri, yatsu ba za su kai ga hannun birki da sauri ba. Milimita 32 zuwa 35 ya yi daidai ga yawancin manya. Mai keke ya riƙe ya gani. Idan yatsunsa sun zagaye mariƙin, kuma yana iya jan birki ba tare da ya saki riƙo ba, to awo ya yi.

Yadda Ake Sassaƙawa Da Sawa

1. A fara huji kafin sassaƙa. Itace mai kauri ya fi jure mahuji. Hujin ya bi tsawon itacen.

2. Kada huji ya ɓulla. A bar kamar santimita 1 a ƙarshe, domin ya rufe bakin bututun ƙarfe.

3. Idan da jan ƙarfe aka yi hujin, a kankare gawayin da yake ciki. Gam ba ya kama gawayi.

4. A sassaƙe bayan, a goge da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Kada a bar sartse ko kaifi.

5. A ɗaure bakin mariƙin da zoben ƙarfe ko waya, kamar yadda maƙeri yake yi wa ƙotar wuƙa. A lanƙwashe bakin wayar ciki don kada ta yanki hannu.

6. A yanke tsohuwar roba da wuƙa. A goge tsatsa da samfefa, a share ƙarfen da tsumma mai sifirit. Kada a yi amfani da kananzir, domin yana barin maiƙo.

7. A shafa gam a ƙarfen da cikin hujin, a tura mariƙin da hannu a hankali. Kada a buga da guduma. Kok kuwa kada a murɗa shi da ƙarfi, yagewa yake yi.

Ba kowane gam ne yake wannan aiki ba. Farin gam na kafinta itace da itace yake haɗawa, ba ya kama ƙarfe sosai. Wanda ya dace shi ne gam mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, irin Araldite. Bayan an sa, a bar keken kwana ɗaya cur ba a hau ba. Sauri ya haifi nawa.

Shafa Mai

Itacen da ba a shafa wa komai ba yana shan gumi da ruwan sama, ya yi baƙi, ya tsage. Amma a tuna, sai gam ya bushe ake shafa mai. Idan mai ya shiga cikin huji tun farko, gam ba zai kama ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce kakin zuma da man kaɗanya. A ɗauki kaki kashi 1, man kaɗanya kashi 3, a narkar a ƙaramar wuta. Idan ya huce a shafa kaɗan, a bar shi ya kwana. Da safe a goge da busasshen tsumma har hannu ya daina jin maiƙo.

Akwai kuma man linsid, wanda ake samu a wurin masu sayar da fenti. Shi yana shiga cikin itace ya bushe. A shafa sau 2 ko 3, ana barin kwana ɗaya tsakani, ana goge abin da ya rage. Amma akwai gargaɗi. Tsumman da ya sha man linsid, idan aka dunƙule shi aka ajiye, yana iya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a kan ƙasa, ko a jiƙa shi a ruwa.

Kok kuma folish ɗin kafintoci ya fi dacewa da shi. Asalin wannan folish wani danƙo ne da wasu ƙananan ƙwari suke yi a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narkar da shi a sifirit. A shafa shi siriri sau 2 ko 3, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Kok ɗin zai koma launin zuma, kuma datti ba zai kama shi ba. Idan aka yawaita shafi, zai yi ƙyalli amma ya yi santsi. A yi aikin nesa da wuta, domin sifirit yana saurin kamawa.

Abu biyu ne ba a shafawa. Baƙin man inji yana sa santsi, kuma yana cutar da fata. Man gyaɗa kuma yakan yi ɗoyi, ya jawo tururuwa da ɓeraye.

Kulawa

Hunturu yana busar da itace, damina tana kumbura shi. Saboda haka a sake shafa mai sau biyu a shekara, a farkon hunturu da farkon damina. A riƙa ajiye keke a inuwa. Kullum kafin a hau, mai keke ya kama mariƙin ya gwada murɗawa. Idan ya motsa ko ya tsage, a gyara kafin a ɗora kaya ko a goya yaro. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Daga ina ake samun kok, kuma bayan shekara nawa ake sake ɓare shi?
2. Me ya sa ba a yin mariƙi da ɗanyen itace?
3. Wane irin gam ne yake haɗa itace da ƙarfe?
4. Yaya ake yi da tsumman da ya sha man linsid?
5. A rubuta sunayen itatuwa uku na yankinku da za a iya yin mariƙi da su.